Sabunta taswirar gari: Abin da ya kamata mazauna Dutsin-Ma da Kurfi su sani

Duk wanda ya daɗe rabonsa da Dutsin-Ma, idan ya shiga garin a yau, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne yadda gine-gine suka cinye gonakin da ke kewaye da shi a da. Gidajen haya na ɗalibai da shaguna da fulotan da ke jiran gini sun miƙe a bakin hanyoyin da suka fita daga garin. Haka lamarin yake a Katsina da Funtuwa da Daura da Malumfashi.

Tambayar da mai sayen fili bai cika yi ba ita ce: wannan wuri da zan zuba kuɗina, me hukuma ta tanadar masa? Amsar tana cikin babbar taswirar gari. Idan taswirar ta tsufa ba a sabunta ta ba, ko aka sabunta ta jama'a ba su sani ba, asarar takan faɗa kan ma'aikacin da ya yi adashin shekaru ya sayi fuloti, da ɗan kasuwar da ya sa jarinsa a shago.

Mece ce taswirar gari?

Taswirar gari kundi ne da ya haɗa zane da bayani, wanda ke fayyace yadda za a yi amfani da kowane yanki na ƙasar gari na tsawon lokaci, galibi shekara 20 zuwa 25. A ciki ake ware wuraren gidajen zama da kasuwanni da masana'antu da makarantu da asibitoci da tashoshin mota da filin Idi da maƙabarta. A ciki ake shata manyan hanyoyi tun kafin a yi su, a nuna faɗinsu, a kuma keɓe hanyoyin ruwa da fadamu da burtali da wuraren da aka hana gini.

Daga wannan babban kundi ake fitar da ƙananan zane-zane na unguwanni, inda ake yanka fulotai da lambobinsu da layukansu. Da su ne hukumar tsara birane ke auna duk takardar neman izinin gini. Ke nan takardar mallakar fili abu ne daban, izinin gini kuma abu ne daban. Mutum zai iya mallakar fili ta halastacciyar hanya, amma a hana shi gina gidan mai ko ɗakin taro a kai, domin an ware unguwar ga gidajen zama.

Asalin tsara garuruwa a ƙasar Hausa

Tsara gari ya girmi zuwan Turawa. Ganuwar Katsina da ƙofofinta, irin su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da Ƙofar 'Yanɗaka, sun shata iyakar birni, an kuma bar fili a cikin ganuwa domin noma a lokacin yaƙi da kuma ƙaruwar jama'a. Fada da masallacin Juma'a da kasuwa su ne cibiya, masu sana'a iri ɗaya sukan zauna unguwa guda. A Kano, Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini su ne ke shanye ruwan damina.

Turawan mulkin mallaka sun zo da nasu tsarin. Dokar garuruwa ta 1917 ta kasa garuruwan Najeriya aji uku, aka keɓe wa Turawa unguwarsu, aka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa. A 1946 aka kafa dokar tsara gari da karkara, wadda aka kwaikwayo daga dokar Ingila ta 1932. Ita aka yi ta aiki da ita har shekarar 1992, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta fitar da Doka ta 88 kan tsara birane da yankuna.

Darasi daga Kano da Kaduna da Abuja

Birane uku sun isa misali kan abin da ke faruwa da taswira bayan an zana ta.

A Kano, wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranci zana tsarin shekara 20 na birnin da kewaye, daga 1963 zuwa 1983. Wa'adin ya ƙare, birnin ya ci gaba da faɗaɗa fiye da yadda hukuma ke iya yanka fulotai. Jama'a suka koma sayen gonaki ana yanka musu da igiya, unguwanni irin su Kurna da Ɗorayi da Rimin Kebe suka cika maƙil da mutane, da yawan lungunansu mota ba ta shiga. An cike kududdufai an yi gini a kai. A watan Agustan 2022 ruwa ya mamaye Kasuwar Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa.

A watan Yunin 2023 gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen da ta ce an yi su a filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba, ciki har da shagunan Filin Idi. Masu shagunan sun je Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, ta umarci a biya su diyyar Naira biliyan 30, daga baya ɓangarorin suka sasanta a kan Naira biliyan 3. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa suna riƙe da takardun da gwamnatin da ta gabata ta bayar. Abin lura a nan shi ne, idan babu taswirar da kowa ya sani kuma doka ta tsare ta, makomar gini takan rataya ne a kan wanda ke kan mulki.

A Kaduna, wadda ta zama hedikwatar Arewa a 1917, Baturen Ingila Max Lock ya fitar da tsarin birnin a 1967, ya yi hasashen shekara 50 har zuwa 2017. An sake bitar tsarin a 2010, bayan birnin ya riga ya tsallake iyakokin da aka zana masa. Da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara aikin sabunta birnin a 2019, sai da aka rushe kasuwanni da gidaje kafin a samu hanyar faɗaɗa tituna.

Abuja kuwa a kan takarda aka haife ta. Dokar da ta kafa ta ta fito a 1976, aka kammala taswirarta a 1979, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamban 1991. An tsara birnin domin mutum kimanin miliyan uku idan ya kammala, amma ba a yi wa masu ƙaramin ƙarfi isasshen tanadi ba, sai suka kwarara Nyanya da Kubwa da Mararraba. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, da sunan dawo da birnin kan taswirarsa ta asali, ya raba dubban mutane da muhallansu.

Me ke sa taswira ta tsufa?

Abu na farko shi ne yawan jama'a. A ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma na da mutum kusan 170,000, ta Kurfi kuma kimanin 117,000. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya a Najeriya ba, domin wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. A lissafi, al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara takan ninka cikin kimanin shekara 24. Duk tsarin da aka gina a kan tsofaffin alƙaluma zai gaza wajen ƙiyasta ajujuwa da gadajen asibiti da ruwan sha.

Na biyu shi ne sabon abin da ya sauka a gari wanda masu zanen farko ba su yi tsammaninsa ba. Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma a 1976, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna. An kammala Madatsar Ruwa ta Zobe a 1983. An ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumban 1987. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Sai kuma a 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Jami'a takan zo da dubban ɗalibai da ma'aikata, kowa na neman ɗaki, kuma ɗakunan kwanan makaranta ba sa wadatarwa. Farashin fili ya tashi, manomi ya ga cewa yanka gonarsa ya fi noma ta riba.

Na uku shi ne matsalar tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Safana da Batsari da Ɗanmusa da Kurfi sun kora iyalai da dama zuwa manyan garuruwa, inda suke raɓawa a gidajen 'yan uwa ko kangwaye ko sababbin unguwannin bayan gari. Su kansu unguwannin bayan garin, da ba su da fitilu da hanyoyi masu kyau da ofishin 'yan sanda a kusa, sun fi fuskantar barazana. A watan Oktoban 2023 an sace ɗalibai mata biyar na jami'ar daga gidan da suke haya a wajen makaranta.

Na huɗu shi ne ruwa. Gini da kwalta suna toshe ƙasar da a da ke shanye ruwan sama, sai ruwan ya nemi hanya ta cikin gidaje. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta hallaka fiye da mutum 40, ta nuna haɗarin zama a bakin hanyar ruwa. Saboda waɗannan dalilai ne masana ke ba da shawarar a riƙa bitar taswira duk bayan shekara biyar, a sake ta ɗungurungum idan wa'adinta ya cika.

Inda Birchi da makamantanta suka shigo

Birchi na ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kurfi, wadda ke maƙwabtaka da Dutsin-Ma. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa garin manoma da taswirar birni? Abin da ya haɗa su shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978.

Dokar ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Ta kuma raba ƙasa gida biyu. Ƙasar birni gwamna ke kula da ita kai-tsaye, shi ke ba da shaidar mallaka. Ƙasar karkara kuwa ƙaramar hukuma ke da ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a kanta, har hekta 500 domin noma, ko hekta 5,000 domin kiwo, abin da ya haura haka sai da amincewar gwamna. Sashe na 3 na dokar ya ba gwamna ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni ta hanyar sanarwa a jaridar gwamnati.

A lokacin sabunta taswira ne ake sake shata iyakar da tsarin gari zai shafa, kuma faɗaɗar gari ba ta tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma. Ranar da aka shigar da gona cikin da'irar birni, darajarta za ta tashi, amma ikon yanka ta da ba da takardarta ya koma hannun gwamnatin jiha. Takardar cinikin da mai unguwa ko magaji ya sa wa hannu tana tabbatar da cewa an yi ciniki a gaban shaidu, sai dai ba ta zama shaidar mallaka ta gwamnati ba, ba ta kuma hana titi ya bi ta kan filin.

Garuruwa irin su Birchi da Wurma da Tsauri suna da wata dama da manyan birane suka rasa. Har yanzu akwai sarari. Ware hanya mai faɗi da filin makaranta da maƙabarta da burtali a gonar da ba a gina ba, kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da biyan diyyar gidaje bayan shekara 15. Tun ran gini, ran zane.

Yadda ake sabunta taswira

Aikin yakan bi matakai sanannu. Da farko gwamnati takan ɗauki ƙwararrun masu tsara birane da safiyoyi da injiniyoyi. Sukan fara da hotunan tauraron ɗan Adam ko na jirgi marar matuƙi, domin a ga ainihin abin da ke ƙasa, a kwatanta shi da tsohon zane.

Daga nan sai tattara bayanai: yawan gidaje da mutane, zirga-zirgar ababen hawa a ranar kasuwa da sauran ranaku, rijiyoyi da bututun ruwa, layukan wutar lantarki, wuraren da ruwa ke kwanciya, da filayen gwamnati da aka cinye. Da waɗannan ake yin hasashen bukatun shekaru masu zuwa, a fitar da zaɓi biyu ko uku na ɓangaren da ya dace gari ya faɗaɗa.

Mataki na gaba shi ne jin ra'ayin jama'a. Akan baje daftarin a sakatariyar ƙaramar hukuma ko ofishin hukumar tsara birane, a gayyaci hakimai da malamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi da manoma da makiyaya da mata, a karɓi ƙorafi a rubuce. A yankin da ake magana, Yandakan Katsina Hakimin Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina Hakimin Kurfi da magaddansu suna cikin waɗanda suka fi sanin tarihin kowace gona da kowane burtali.

Wannan shi ne matakin da ya fi muhimmanci ga ɗan kasuwa, kuma shi aka fi yin sakaci da shi. A nan ake yanke shawarar ko za a ɗauke kasuwa ko tasha daga inda take, ko za a yi hanyar da za ta zagaye gari ta ɗauke masu wucewa daga bakin shaguna. Gyara layi a kan takarda aikin yini ɗaya ne. Bayan gwamnati ta amince an buga a jaridarta, sai dai kotu.

Mataki na ƙarshe shi ne aiwatarwa: kafa duwatsun iyaka, share hanyoyi ko da ba a zuba kwalta ba, da sa kuɗin ayyukan a kasafin kowace shekara. A nan ne yawancin taswirorin Najeriya suka kwanta, domin an biya kuɗin zane, an ajiye kundin a kabad.

Wa ke da iko?

Dokar 1992 ta tanadi hukumomi a matakai uku: na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma. Amma a 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara birane hurumin jihohi ne, in ban da Babban Birnin Tarayya. Saboda haka taswirar Dutsin-Ma ko ta Kurfi nauyi ne da ke kan Gwamnatin Jihar Katsina.

A jihar, Hukumar Tsara Birane da Yankuna ce ke ba da izinin gini da sa ido a kan masu karya ƙa'ida, ma'aikatar da ke kula da filaye da safiyo kuma ta riƙe sha'anin mallaka. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa, wadda ta hau mulki a ranar 29 ga Mayun 2023, ta kafa hukumar KATGIS domin mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, kamar yadda Abuja ke da AGIS, Kaduna ke da KADGIS. Ta kuma ƙaddamar da ayyukan sabunta birane a Katsina da Daura da Funtuwa. Amfanin rajistar kwamfuta shi ne rage sayar da fili ɗaya ga mutum biyu da ɓatan fayil. Sai dai rajista tana nuna wane ne mai fili, taswira ce ke nuna abin da za a yi da shi, kuma kowanne na bukatar ɗan uwansa.

Batun diyya

Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna ikon soke mallaka saboda maslahar jama'a, kamar titi ko makaranta ko asibiti, da sharaɗin a ba mai filin sanarwa a rubuce. Sashe na 29 ya tanadi diyya, amma a kan abin da aka kafa a filin: gini da bishiyoyi da amfanin gona, tare da kuɗin hayar ƙasa da aka biya a shekarar. Doka ba ta ɗauki ƙasar kanta a matsayin abin biya ba. Ma'aikacin da ya sayi fuloti da tsada ya bar shi ba gini, zai iya tashi da abin da bai kai kuɗin da ya biya ba. Dokar ta yarda a ba mutum wani matsuguni a madadin kuɗi, kuma saɓani kan adadin diyya akan miƙa shi ga kwamitin rabon filaye na jiha.

A aikace, gwamnatoci a Arewa sukan bi hanyar da jama'a ke kira kashe-mu-raba, inda hukuma ke yanka gona ta ba mai ita wani kaso na fulotan. Idan an yi shi a fili, da rubutacciyar yarjejeniya, manomi kan amfana, gari kuma ya samu hanyoyi. Ginin da aka yi ba izini a kan titi ko magudanar ruwa kuwa, hukuma kan rushe shi ba tare da ta ɗauki nauyin biyan komai ba.

Abin da mai saye zai duba

Kafin a biya kuɗin fili, ya kamata a je ofishin filaye da na tsara birane da lambar zanen unguwar da lambar fulotin, a tabbatar an amince da su. Idan awon igiya ne, a ɗauki safiyo mai rajista ya fitar da ma'aunin wurin, a duba ko ya hau kan titin da aka shata, ko ƙarƙashin babban layin lantarki, ko filin makaranta, ko burtali.

A ziyarci wurin da damina, a tambayi tsofaffin maƙwabta inda ruwa ke bi. Idan gonar gado ce, a tabbatar an raba, dukkan magada sun yarda. Idan filin na da shaidar mallaka ta gwamnati, doka ta wajabta neman amincewar gwamna kafin a mayar da shi sunan wani. A karɓi izinin gini kafin a haƙa harsashi, a kuma adana rasit na kowane kuɗin da aka biya hukuma. Mai kama shago shi ma ya tambayi matsayin ginin, domin idan katafila ta zo, kayan ɗan haya ne a ciki.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ma'aikata da na ci gaban gari suna da hanyar da ta fi ta mutum ɗaya ƙarfi. Za su iya rubuta wa hukumar tsara birane su nemi ganin taswirar da ake aiki da ita a garinsu, da shekarar da aka zana ta, da lokacin da wa'adinta zai cika. Za su iya neman ɗan majalisar jiharsu ya bi kadin kuɗin bitar a kasafi, su kuma nemi a liƙa zanen a sakatariya tare da bayani da Hausa, a karanta shi a rediyo. Garin da mutanensa suka san inda titi zai bi, da wuya dillali ya sayar musu da tsakiyarsa.